Allurar Mai Zif

Mijin yayata bai taɓa zuwa ko'ina ba, amma babu irin ɓarnar da tafiya ke yi wadda bai sani ba. Gyaran akwatuna da jakunkunan tafiya ne sana'arsa, shi ya sa kowa a layinmu yake kiransa Mai Zif, har 'ya'yansa in suna son tsokanarsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a gaban gidansu yake, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Nawa shagon, na sabulu da man shafawa, yana tsallaken titi daidai saitin nasa. Don haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu da sauran haushinsa a raina.

In ka shiga shagon ba ka ganin bango. Akwatuna ne jibge har rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa ba ya zubarwa, ba ya sayarwa, wai ko magada za su zo nema. A kan kantar shagon gwangwanayen madara ne jere, wannan na tayoyi, wannan na kawunan zif, wannan na ƙananan ƙusoshi. A tsakiya keken ɗinkinsa ne, baƙi mai ƙafa, wanda ya gada daga ubangidansa tun yana saurayi. Warin gam da na tsohuwar fata sun kama jikinsa, har sabulun da nake ba Yaya kyauta ya kasa fitar da su.

Mutum ne siriri, maras yawan magana, mai sanyin jiki. Aikinsa ba shi da na biyu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai ba ya sakin aiki. In ya canza wa akwati taya, sai ya cika shi da bulo, ya fito titi yana jansa daga bakin shago zuwa kwanar famfo ya dawo, kansa a karkace yana sauraron kukan tayar. Mai akwati na tsaye yana duba agogo, yana cewa jirgi zai tashi ya bar shi, shi kuwa sai ya ce a bari ya ƙara zagaye ɗaya. Ni nakan leƙo daga shagona in tambaye shi yau kuma ina bulon ya nufa, in ya isa ya gaishe su. Shi kuma ya ce, “Rediyo, an kunna ki ke nan.” Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun ina ƙarama, lokacin da yake neman Yaya ina hana su sakat da surutu.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, mutumin nan bai taɓa ganin akwatin da ya je ya dawo lafiya ba. Wanda ya dawo lafiya ai yana can saman sif ɗin mai shi. Wanda ya fashe, wanda aka yanka, wanda turare ya zube a cikinsa, wanda ruwa ya jiƙa har ya yi fumfuna, su ne ke zuwa hannunsa, kowanne da mai shi a tsaye yana ba da labarin wuyar da ya sha. Shekara da shekaru abin da yake ji ke nan. A wurinsa tafiya wata aba ce mai karya kaya, ba a tunkararta sai da shiri.

Yaya kuwa mace ce mai fara'a, dariyarta har tsallaken titi nake jiyowa. Tun farkon aurensu idon Mai Zif ba ya ganin abu na kusa sosai. An yi masa tabarau, ya ce jiri yake sa shi, ya jefa shi cikin gwangwanin tayoyi. Saboda haka kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, Yaya takan fito ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa gidan da shagon, ta zauna a kujerarsa, ta zura masa zare a allurar keke. Sannan ta bi alluran hannu da basilla ɗaya bayan ɗaya, ta zura, ta soka su a jikin wani soso da ke manne a jikin kantar shagon, yadda zai wuni yana zara. Kowane launin zare da ƙusarsa a bango, ba a taɓa sauya musu wuri ba. In zaren keke ya tsinke da rana, ba ya ko kiranta, feda kawai zai daina takawa, ta ji shiru ta fito. Ban taɓa jin sun yi wata hirar soyayya ba, wannan ce hirar tasu.

Ciwon ya fara ne da ƙananan abubuwa. Ta bugi gefen ƙofa, ta ture kofin da ke kusa da gwiwar hannunta, jikarta ta tsaya a gefenta ba ta san da ita ba sai yarinyar ta yi magana. Ni na raka ta asibitin ido. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, kuma an makara da zuwa. Ta ce gani zai riƙa tafiya daga gefe yana tsukewa zuwa tsakiya, maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye ta saura tsawon wane lokaci, ta ce ba wanda zai iya faɗa. A mota muna dawowa ni ce mai kuka, Yaya na ba ni haƙuri, tana cewa in rufa mata asiri mutane na kallonmu.

Cikin 'yan kwanakin nan wata ma'aikaciyar jinya ta kawo akwatin da zif ɗinsa ya cije. Mai Zif ya farke shafin ciki, sai ga wani baƙin abu yana zuba a kan kantar shagon, mai laushi, yana ɗan ƙyalli. Ya ja da baya, ya ɗauka garin gawayi ne ko wani mugun abu. Matar ta yi dariya ta ce yashi ne. Ta ce ta yi shekaru tana aiki a wata 'yar ƙaramar ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama, mai duwatsu masu aman wuta, kuma tokar duwatsun ce ta mai da yashin bakin tekunsu baƙi. Ta ce ƙasar don ƙanƙanta, in ka hau babban dutsen da sassafe kafin gajimare ya taru, za ka ga teku a damanka, ka ga teku a hagunka.

Yaya na tsaye a ƙaramar ƙofa da kofin shayi a hannu. Ta ajiye shi, ta share yashin cikin tafin hannunta, ta ɗaga kusa da fuskarta ta daɗe tana kallo. Ta sake tambayar matar ko da gaske ƙasa guda mutum zai gani a tsaye wuri ɗaya. Matar ta ce da gaske. Bayan ta tafi, Yaya ta juye yashin a wata kwalbar magani da ta ƙare, ta rufe, sannan ta ce, “Malam, ina so in ga wurin nan tun ina gani.”

Ina nan a shagon, na zo aron almakashi. Tun da aka yi aurensu ban taɓa jin Yaya ta roƙe shi wani abu don kanta ba. Ya ɗago ya dube ta, ya ce, “Za ki gani, Maman yara.” Kuma na rantse da gaske yake, wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Kada wani ya ce rashin hali ne ya hana. 'Ya'yansu sun girma suna aiki, babbar 'yarsu ma cewa ta yi a bar mata komai, su dai su sa rana. Watannin farko ban taɓa ganin gidan nan da daɗi irin na lokacin ba. Aka buga musu taswirar ƙasar a takarda, Mai Zif ya manna ta a saman keke. Yaya ta haddace sunan babban dutsen, tana shara tana rera shi kamar waƙa. Ta sayi gyale ruwan ɗorawa, wai don ya fito sosai a hoto in ta tsaya kan baƙin yashi. Da aka ce mata mota ba ta kai mutum har ƙololuwa, sai an ɗan taka, sai ta ɗauke ni aikin da ban nema ba. Kullum da safe mu tafi gadar masu tafiya a ƙasa da ke bakin kasuwa, mu hau mu sauka, ni ina haki ina zagin dutsen da ban taɓa gani ba, ita tana dariya tana cewa in kula da hawan jinina.

Sai maganar akwati ta taso. Babbar 'yar ta ce za ta aiko da sabo, Mai Zif ya ce ko kusa. Duk akwatin da ke kasuwa ya san cikinsa, ya san inda yake karyewa, ba zai ɗauki matarsa ya tsallaka teku da kwali ba. Da hannunsa zai yi. Mun yi dariya, mun ce ai gidan sana'a ne, mako biyu ya gama.

Ya zaɓi ƙarfen jiki daga wani tsohon akwati, ya nemo fata, ya fara. Sai wani mai kawo gyara ya gaya masa iskar teku gishiri gare ta, tana cin zif. Nan take ya jiƙa zif kala-kala cikin ruwan gishiri a gwangwanayen madara, ya jera a taga, yana jiran ya ga wanda zai yi tsatsa. Da aka wuce nan, sai ya tuna maganin idon Yaya ba ya son zafi, ya zauna ƙera masa aljihu mai soso da takardar azurfa. Sai ya tuna yashi yana shiga taya, ai da idonsa ya gani, ya shiga yi wa tayoyin marufi. Kowanne in ya yi maka bayani sai ka ga da hankali a ciki. Ba lalaci ba ne, ba rowa ba ce, kullum yana duƙe a kan akwatin nan, har aikin mutane yake ajiyewa saboda shi.

Akwatin bai kai rabi ba wani ya ce masa yanzu damina ce a can, gajimare ke rufe dutsen, ko an hau ba abin da za a gani. Ya ce to ai ba amfani, tunda gani za a je yi, a jira rani. Rani ya zo, aka nuna a labarai ɗaya daga cikin duwatsun yana hayaƙi, an tsayar da wasu jirage. Ya ce a bari ya lafa. Ya lafa, sai tayar hagu ta fara wani ɗan ƙara da shi kaɗai yake ji. Fasfo kuwa ya ce shi za a yi daga ƙarshe, don fasfo wa'adi gare shi, bai ga dalilin da zai fara cin kwanakinsa akwati bai kammala ba.

Na yi magana har na gaji. Na yi da wasa, na yi da faɗa, na haɗa shi da 'ya'yansa. Wata rana na tsallako titi a fusace, na ce masa ido ba bulo ba ne da zai zauna yana jiransa, ya zuba kayansu a buhu su tafi. Bai ji haushi ba, shi ai ba ya jin haushi. Ya kama hannun rigata ya kai ni gaban sosan nan, ya nuna mini alluran jere, kowacce da zarenta yana reto.

Ya ce, “Rediyo, dubi wannan ƙaramar. Ni ko raminta ba na gani. Yau da safe ta zura ta, ko kuskure ɗaya babu. Matar da ke wannan za ki ce mini idonta ya tafi? Da saura.”

Ma'auninsa ke nan. Likita na da na'urorinta, shi yana da allurarsa, kuma allurar ya fi yarda da ita. Kowace safiya yakan tsaya a bayan Yaya yana kallon yatsunta, in zare ya shige sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wa kansa an ƙara samun kwana ɗaya, ya koma kan akwati.

Ni kuwa abin da nake gani daban ne. Yaya ta daina zuwa gada, ta ce gwiwa. Ta daina cewa a nuna mata hotunan dutsen a waya. In na shiga gidan ba ta yi mini sannu sai na yi magana. Tafiya ta koma yi hannunta na shafar bango, girki ya koma hannun matar ɗanta. Dariyar nan da nake ji daga tsallaken titi ta yi ƙasa. Na gaya wa Mai Zif, ya ce ɗakin ne ba haske, ya sayo babban ƙwan lantarki ya sa. Ita ma da bakinta ta sha gaya masa. Na ji ta tana cewa, “Malam, ƙofar fa tana ƙara tsukewa.” Ya ce saura kaɗan, mariƙin akwatin ne kawai bai zauna ba.

Ranar da ya gama, duk layin ya sani. Ya cika shi da bulo ya fito. Akwati ne shuɗi mai duhu, ɗinkinsa kamar ba hannu ya yi ba, tayoyin suna tafiya a kan titin nan namu mai ramuka ba ka jin ko ƙis. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana tafi, mai gyaran waya ya ɗauki hoto. Mai Zif ya kai kwanar famfo ya dawo, bai ce a ƙara zagaye ba. Ya tsallako har shagona, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa, ya ce gobe in rufe shago in raka su hoton fasfo.

Mai hoton yana ƙarshen layi, wani ɗan ɗaki mai farin ƙyalle a bango da fitila mai lema. Da hantsi muka je. Yaya ta yafa gyalen nan ruwan ɗorawa, ta riƙe hannuna tun daga gida, ta ce takalminta ne ke santsi. Aka fara da Mai Zif, ya zauna a sandare, ya zaro ido kamar wanda aka kama da kayan sata, har mai hoton ya ce Baba ka saki fuska, ba kotu ba ce. Sannan na zaunar da Yaya.

Kyamarar na kan ƙafafunta a tsakiyar ɗaki, mai hoton ya koma gefe yana gyara fitila. Daga can ya ce, “Mama, kalli nan.” Yaya ta juya fuskarta wajen muryarsa tana murmushi. Ya ce a'a ba shi ba, kyamarar, ya zo ya ƙwanƙwasa jikinta da farce. Ta juyo wajen ƙarar, amma ta ɗan wuce, tana kallon kafaɗarsa. Ya ɗaga hannu daidai saman gilashin ya ce ta bi hannunsa kawai. Ya yi ta kaɗa yatsu. Yaya na zaune tsaf, gyalenta a gyare, murmushinta bai gushe ba, idonta a kan ƙofa. Ina jin hannunsa ne ya taɓa maɓallin ba da niyya ba, fitilar ta yi walƙiya. Ni na runtse, Mai Zif ya runtse, mai hoton ma ya runtse. Ita ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mai Zif ya matso a hankali ya tsaya a gabanta.

Ya ce, “Maman yara, ba ki ga hannunsa ba?”

Ta ce, “Ban gani ba, Malam. Kai ma na daɗe ban gan ka ba.”

Ya ce, “Amma yau da safe kin zura.”

Ta miƙo hannu tana nemana, na ɗaga ta. A hanya ya yi gaba shi kaɗai, sai ya tsaya, ya dawo ya kama ɗaya hannun nata, ya rasa yadda ake riƙewa, yana ta jan ta cikin rami. Da muka isa ba ta shiga gida ba. Ta ce a kai ta kujerarsa. Ta laluba ta zare zaren da ke allurar keke, ta ɗaga fuskarta sama wajen rufi, ta lashi bakin zaren, ta murza, ta kai hannu. Sau ɗaya ya shige. Ta ce masa yatsunta sun daina tambayar idonta tun kafin a haifi autansu.

Ban taɓa ganin namiji ya tsufa a tsaye ba sai ranar. Bai yi kuka ba, ya zauna a kan akwatin nan shuɗi da bulon har yanzu a ciki.

Daga baya, muna mu biyu a ɗakinta ina taje mata kai, na tambaye ta abin da ke cina. Na ce tunda ta san allurar yake kallo, me ya hana ta kuskure da gangan ko sau ɗaya, ta ce ta kasa, ai da ya firgita ya kwashe ta sun tafi. Ta ce ta sha yin niyya. Ta ce amma girki ya bar hannunta, shara ta bar hannunta, ko kayansa ba ta iya zaɓa masa, abu ɗaya ya rage da take yi masa wanda ba wanda ke yi. In ta ce shi ma ta kasa, to ita mece ce a gidan? Kuma ai ta faɗa masa da baki, shi ne mutumin da bai yarda da baki ba sai hannu. Na tambaye ta yaushe sauran ganin ya tafi. Ta ce wata rana da yamma tana zaune a tsakar gida, ɗan hasken da ya rage kamar ramin makulli ya dushe, ta jira ya dawo bai dawo ba. Lokacin Mai Zif yana waje yana jan bulo, tana jin kukan tayar hagu.

Mutumin da ya shekara biyu yana cewa a jira, sai ga shi ya tashi kamar an sa masa wuta. Ya kira babbar 'yar ya ce a nemi tikiti na kusa, damina ko rani, dutse na hayaƙi ko ba ya yi. Ya durƙusa gaban Yaya yana lallashi, ya ce ai za ta ji ƙarar teku, za ta taka yashin da ƙafarta, za ta shaƙi iskar. 'Ya'yan ma suka goya masa baya, ni ma na sa baki, don na ga in ba a tafi ba mutumin nan zai iya zaucewa.

Ta bari muka gama tsaf. Ba faɗa a muryarta, da ma da faɗan ne da ya fi sauƙi. Ta ce, “Malam, yashin ga shi nan a kwalba, na taɓa shi. Ka kai ni saman dutse ka tsayar, ka ce mini ga teku a dama, ga teku a hagu? Wannan ai a nan ma za ka iya gaya mini.”

Daga ranar ba a sake tayar da maganar ba. Taswirar na nan a saman keke, rana ta cinye launinta. Gyalen ta ba ni, na kasa yafawa, yana ƙasan sif. Akwatin kuwa, Mai Zif ya juye bulon, ya hau kujera ya ɗora shi can sama, cikin waɗanda masu su ba za su dawo ba. Mutane sun taya ya ƙi sayarwa, babbar 'yar ta roƙa za ta yi tafiya da shi ya hana.

Aikinsa ma ya lalace. Yanzu in ka kawo akwati, kafin ka gama bayani ya ɗaura taya ya miƙo maka, ba bulo, ba zagaye. Ya ce wa wani jeka kawai, kada ka makara. Bayan mako guda mutumin ya dawo da tayar a aljihu yana masifa. Masu kawo gyara sun ragu, ni kuma na rasa wanda zan tsokana, in na leƙo na ga ƙeyarsa a duƙe sai in koma ciki.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya sa na ce da sauran haushinsa a raina ba. Washegarin ranar hoton, Yaya ta fito ta ƙaramar ƙofa kamar kullum, tana laluben kujera, sai ta tarar yana kai. Ya zazzage gwangwanin tayoyi ya tono tsohon tabaran nan, ƙafa ɗaya a karye ya ɗaure da zare, ya maƙala a hanci, yana fama da allura da kansa. Ta miƙa hannu ta ce ya kawo. Ya ce ta je ta huta, ta yi mai isarta.

Na same shi na ce ba shi da hankali. Na ce saboda allurar nan ta yi shiru har idonta ya ƙare, yanzu ita ma zai ƙwace? Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Rediyo, ba zan iya kallo ba. In na ga zaren ya shige, sai zuciyata ta ce mini tana gani.”

Na juya na tsallaka titi na koma shagona.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya ina buɗe shagona ina hango su. Shi a kujera, ya tura fuska har tana taɓa keke, zaren na lanƙwashewa a bakin rami, ya lasa ya sake. Ita a tsaye a ƙaramar ƙofa, hannu ɗaya a jikin katako, ɗayan a sake a gefenta, babban yatsa da manuniya suna murza juna. Takan tsaya har sai ta ji keken ya tashi, sannan ta juya ciki. Da farko yakan ɗau lokaci mai tsawo, har shayinta ya huce. A hankali lokacin ya riƙa raguwa.

Jiya da na kai mata sabulu ta tambaye ni ko ya fara iyawa. Na so in yi mata ƙarya, amma kunnenta ya riga ya gaya mata. Na ce ya fara. Ta ce to madalla, ta juya fuskarta wajen bango.

Yau da safe ina jera kaya na ji keken ya tashi tun ban gama buɗe taga ba. Na ɗaga kai na duba ƙaramar ƙofar. A rufe take.